Antin da Ke Gadin Yatsan Mama

Akwai wata anti a kasuwan Kafanchan yau, doguwa, kitso har baya, jakan laftop a kafaɗa, takalmi duk laka, kuma ba ta sayan komai. Ta tsuguna gaban wata mama mai citta, ta miƙa mata waya.

"Mama, ki nemo inda za ki danna ki ga farashin citta. Ba zan nuna miki ba."

"To wa ya ɓoye shi?"

"Ni na tsara manhajan nan na waya, Mama. Na bar ofis ina yi wa kaina, wannan ne aikina na farko. In kin kasa, masu aikin ba za su karɓa ba."

Ta kai hannu baya kaman 'yar firamare, tana cizon leɓe, idonta a kan yatsan Mama. Ina ji har yanzu a gida ana mata faɗan barin ofis ɗin nan.

Yatsan yana yawo, yana yawo, sai ya sauka kan koren maɓalli, farashi ya fito. Anti ta miƙe tana rawa tana gode wa Yesu, ta miƙa hannu a ba ta waya.

Mama ko ɗago kai ba ta yi ba. "Je ki dawo, 'yata, ina duba na Kachia."