Ranar da Na Wanke Randar Mma

Shekara da shekaru mahaifiyata tana sayar da koko da ƙosai a bakin layinmu a unguwar Nima, daidai inda motocin haya suke sauke mutane. Mma muke kiranta, kuma rabin unguwa haka suke kiranta. Kokonta yana da wani tsami mai laushi, wanda sai ka haɗiye sannan citta da kanumfari su biyo baya su ɗumama maka ƙirji. 'Yan dako masu tafiya kasuwar Makola sai sun tsaya sun sha kafin su hau mota. Wallahi har yau, in gari ya waye na ji sanyi-sanyi, wannan kokon bakina yake nema.

Asirin yana cikin randa. Tsohuwar randar ƙasa ce, baƙa ƙirin, kakata ta zo da ita daga arewa tun kafin a haifi Mma. A cikinta ake zuba gasara, wato niƙaƙƙen geron da aka tace, ta kwana ta yi tsami. Sabulu bai taɓa shiga cikinta ba. Mma takan ɗauraye bakin randar da ruwa, ta bar ɗan ruwan tsamin jiya a gindi, ta zuba sabuwar gasara a kai. Haka uwarta ta yi, haka ita ma take yi.

Ni kuwa a lokacin na girma, har na samu aiki a kicin ɗin wani otal. An koya mana wanke hannu da rufe gashi da sunayen ƙwayoyin cuta, kaina ya kumbura. In na dawo gida babu abin da ban ga aibinsa ba. Mma takan ce, "Likitar gidanmu ta dawo, kowa ya ɓoye cokalinsa."

Ana nan sai ma'aikatan tsafta na hukuma, waɗanda mu a zango, unguwar Hausawa, muke ce wa tankas, suka zaga da sanarwa. Duk mai sayar da abinci sai ya yi gwajin lafiya ya karɓi kati, ya rufe abincinsa, ya matsa daga bakin kwata, kuma za a shiga har inda ake girki a duba. Wanda bai cika ba, a ɗauke teburinsa. Ba wasa suke yi ba, don a makon nan suka tashi mai shinkafa da wake da ke tsallaken titi. Ban ga laifinsu ba, ƙudan da ke wurinta ya isa. Amma na ji tsoron su tashi Mma. Wannan teburin shi ya raine mu, kuma Mma ba ta san wata rayuwa ba sai tashi da asuba ta dama koko. In aka raba ta da shi, na san zama zai kashe ta.

Ranar da ta tafi asibiti gwajin jini, na tsaya a tsakar gida ina kallon randar da idon tankas. Baƙi, danƙo a ciki, ga warin tsami. Na ce wannan ita za ta ja mana. Na juye ruwan gindin a kwata. Na kawo sabulu da soson ƙarfe da maganin kashe ƙwayoyin cuta irin wanda muke wanke ƙasan kicin da shi a otal. Na durza, na durza, har jan ƙasarta ya fito. Na kife ta a rana ina jin kaina kamar wadda ta ceci gida.

Mma ta dawo da la'asar, auduga manne a hannunta. Tun daga ƙofa ta ja hanci. Ta je ta tayar da randar, ta sunkuya ta sa kanta a ciki, ta daɗe a haka. Da ta ɗago ba ta dube ni ba. Ta ce, "Sannu da aiki. Kin ci abinci?"

Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Randar ƙasa tana shan abin da aka zuba mata, wannan ba a koya mana a otal ba. Kwana da kwanaki Mma tana jiƙa ta da ruwa tana zubarwa, warin maganin bai fita ba. Dole ta koma zuba gasara a wata roba mai murfi da na sayo. Ta roƙo ruwan tsami wurin wata ƙawarta a unguwar Mamobi. Koko ya yi tsami, amma tsami mai kaifi, irin na kowa.

Ranar dubawa, tankas ɗin da ya zo dattijo ne mai furfura, Hausarsa haɗe da yaren Tiwi. Ya duba katin Mma, ya duba farcenta da ɗankwalinta, ya leƙa durom ɗin ruwa, ya auna tsakanin tebur da kwata da taku. Da ya shigo gida ya ga randar a jingine a lungu, ya ce, "Wannan in za ki yi aiki da shi, ki sa masa murfi mai kyau." Iyakar abin da ya ce a kanta ke nan. Ya sa hannu a takarda ya miƙo mini, don ni na fi kusa.

Sai ya zauna a benci, ya cire hula, ya ce aiki ya ƙare, yanzu a ba shi koko. Ashe tun yana saurayi yake sha a wurinta. Ya kurɓa sau ɗaya, ya sake kurɓa, ya riƙe kofin yana dubansa.

"Mma, wa ya dama wannan?"

"Ni ce."

"A'a. Wannan ba kokonki ba ne."

Ina tsaye da takardar a hannuna. Magana ɗaya ta isa in ɗauki laifin, amma sai na shiga naɗe takardar. Mma ta ci gaba da juya ƙosai a mai, ta ce, "Tsufa ne, ɗana. Hannu ya fara mantuwa."

Haka ta riƙa gaya wa duk wanda ya tambaya, kuma mutane da yawa sun tambaya. Wasu suka ci gaba da zuwa don kunya, wasu suka koma layin gaba. Unguwa ta yarda Mma ta tsufa, ita kuwa ta bar su a haka, ta ci gaba da fitowa kowace asuba har ƙafafunta suka gaza.

Sai da ta kwanta ciwon ajali na iya tayar da maganar. Ina shafa mata mai a ƙafa na ce, "Mma, randar nan. Ki yafe mini." Ina kewar kokon, amma abin da ya fi cina shi ne sunanta da na ɓata, ita kuma ta ɗauki laifin a kanta.

Ta buɗe ido ta dube ni. Sannan ta ce, "Don kada a tashe ni kika wanke ta, ko ba haka ba?"

Na ce haka ne.

"To, an tashe ni?"