Minti Goman Direba

Shekara talatin da ɗaya Direba ya yi yana jan jirgin ƙasa na kaya, bai taɓa barin tasha ba sai ya duba birki da hannunsa. Mutum ne marar yawan magana. Matakalar inji ta cinye masa gwiwa, ƙarar ƙarfe ta kashe masa kunnen dama, duk bai damu ba. Abu guda ke ci masa rai. Tagwaye ne shi da Tela, ya riga shi zuwa duniya da minti goma, amma shekara sittin ke nan Tela bai taɓa ce masa Yaya ba.

"Minti goma har girma ne?" in ji Tela kullum. "Ko ruwan wanka bai yi zafi ba."

Ana saura mako guda ya yi ritaya, Direba ya biya ta shagon ɗinkin Tela da hantsi. 'Yarsa, malamar kimiyya a sakandare, tana zaune kan benci tana jiran a rage mata hannun riga. Ita ta tono rigimar. Cikin hira ta ce agogon da ke cikin abu mai gudu jan ƙafa yake yi, don haka wanda ya yi tafiya ya dawo, lokacin da ya wuce a kansa bai kai na wanda ya bari a zaune ba.

Tela ya tsayar da keke. "Maimaita, 'yata."

Ta maimaita. Sai ga dattijo da tef a wuya yana taka rawa tsakanin ƙyallaye.

"Shekara talatin yana tsere, ni ina nan kamar turmi. Ai minti gomansa sun zube a kan layin dogo. Durƙusa ka gaishe ni, ƙanena."

Direba bai ko murmusa ba. "Daga kujerata a inji, ni ban taɓa motsi ba. Tasha ce ke gudu baya, da itatuwa, da shagonka, da kai. Naka agogon ne ya makara."

"Baba ma yana da gaskiya," in ji malamar tana ƙunshe dariya. "Muddin jirgin na tafiya sak, gudunsa bai sauya ba, kowannenku zai ga na ɗan'uwansa ne ke jan ƙafa. Amma Baba ne ke taka birki, ya juya, ya dawo. Shi ya yi asarar, Baffa."

Tela ya ƙara wata rawar.

"Surutu ba ya jan tarago," in ji Direba. "A lissafa. In goman sun ƙare, in ce maka Yaya a bakin titi. In da saura, kai ka faɗa."

Suka tafa. Malamar ta ɗauki allin ɗinki ta hau teburin yanka da rubutu. Gudu nawa? Awa nawa a mako? Duk suna kan Direba, yana ba ta amsa. Sifirai suka jeru har suka ci karo da almakashi.

"Baba ya yi asara," ta ce. "Amma ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba."

Tela ya leƙa teburin. "Goman fa, yaushe za su ƙare?"

"In ya ci gaba da tuƙi shekara biliyan talatin."

Tela ya kama hannun ɗan'uwansa. "Don Allah kar ka yi ritayar nan."

Nan Direba ya fashe da dariyar da 'yarsa ba ta taɓa jin irinta ba, har ya dafa bango. Da ya share hawaye sai ya ja Tela zuwa bakin titi, gaban mai faci da mai kayan miya.

"Yaya," in ji Tela, kamar mai haɗiyar magani.

Direba ya juyo masa da mataccen kunnen. "Me ka ce?"

Sai da ya faɗa sau uku, na ƙarshen har mai facin ya amsa. Daga nan Direba ya kama hanyar gida yana tafiya sannu sannu, wai kar ya ƙara wata asarar.