Sodangi da Fasasshiyar Salansa

Kullum bayan sallar asuba, Malam Sodangi direba yakan zagaya tsohuwar a-kori-kurarsa, ya daddaki tayoyi, ya duba ruwa, ya yi bismilla, ya murza makulli. Daga nan barci ya ƙare a unguwar. Shekara bakwai salansar motar nan tana fashe, ƙararta kamar injin niƙa ya haɗiye tsakuwa. Kanikawan Sabon Birni sun roƙe shi ya kawo a liƙe har sun gaji. Mu kuwa duk mun ɗauka rowa ce.

Ashe mu ne ba mu gane ba. Tun da 'yan bindiga suka hana hanyoyinmu lafiya, mutanen ƙauye da kunne suke tsaron ransu. Mace tana daka ta jiyo inji daga nesa, sai ta tsai da taɓarya ta saurara: ta ci gaba, ko ta suri goyo ta faɗa cikin gero? Daga Sabon Birni har Unguwar Lalle, ƙarar Sodangi kaɗai ce ba ta tayar wa kowa da hankali. Hafiza ungozoma ta shaida mini cewa wata daminar suna ɓoye cikin dawa da mai naƙuda, babu mai ƙarfin halin leƙa hanya, sai suka jiyo wannan mummunar ƙara. Ta fito da gudu ta tare shi, ya kai su asibiti. Yarinyar da aka haifa, Kausar, yanzu tana zuwa makaranta.

Kai ne, Sodangi, ka jure dariyarmu shekara bakwai ba ka taɓa yi wa kowa bayani ba. Mai ƙara mai daɗin ji, mun ji kunya.

To bana yanar ido ta rufe masa gani, ya ajiye tuƙi. Kamaluddeen, ɗan ƙanwarsa, shi ya gaji hanyar, amma da wata sabuwar mota mai lantarki da ya taho da ita daga Sakkwato, wadda ake yi wa caji da hasken rana. Ranar da ta iso, tasha ta rikice. Wasu suka ce alheri ne, tunda mugu ba zai ji wucewarka ba. Wasu suka ce to ai mugun ma yana iya saye. Yari kamasho ya ƙara dagula lissafi, ya nuna wa tsohon wani bidiyo a waya.

"Dibi nan, Malam. Ƙasashen waje har wadda ba ta da direba sunka yi."

Sodangi ya kai wayar dab da hancinsa. "To wa ka tuƙa ta?"

"Ita ka tuƙa kanta."

"In ta ishe tsohuwa bakin hanya hwa, wa za ya ce mata ta tsaya? In an yi mata sallama, wa ka amsawa?"

Yari ya sosa ƙeya, ya ce shi ma bidiyon bai kai nan ba.

Fitar farko, abin da tsohon yake tsoro ya faru. Mutanen Unguwar Lalle suka hangi abu yana tahowa babu ƙara, babu hayaƙi, suka watse cikin gonaki. Kamaluddeen ya tarar da turame a tsaye, babu kowa, ya dawo da motarsa wayam, ransa a ɓace.

"Kawu, na samo dabara," in ji shi washegari. "Za ni ɗaukar ƙarar tsohuwar motar ga waya, in sa lasihika bisa sabuwar."

'Yan tasha suka yi ta tafi. Sodangi ma da farko ya yi murna, sai kuma ya ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗana. Ƙarar nan, in ta shiga wayarka, tana iya shiga wayar wani?"

"Tana iyawa, Kawu."

"To ashe gobe wani na iya tahowa da muryata, mata su hito suna murna." Ya girgiza kai. "A'a. Wallahi ban gane zamanin ga ba, amma wanga kam ba a yin shi."

Har yau bai gane ba. Bai san ko motar nan ci gaba ce ko fitina ba, kuma in ka tambaye shi sau uku, amsa uku za ka samu. Abin da ya sani shi ne mutanensa suna bukatar shaidar da ba a iya kwafa. Shi ya sa, maimakon hutun da ya cancanta, kullum yana gaban motar Kamaluddeen, ya fito da jar hularsa ta taga yana kaɗawa, yana kiran sunayen masu gida tun daga nesa.

Mun gode, Malam Sodangi. Allah ya buɗe idanun nan, ya tsare hanyarka. Direbobinmu, kowace irin mota zamani ya kawo muku, ku yi koyi da shi, ku tuna da masu saurare a bakin hanya.

Na tambaye shi amfanin fitarsa, tunda ko hanyar ba ya gani sosai. Ya yi dariya.

"Ni ba ni ganinsu," in ji shi, "amma su suna ganina. Jiya da munka shiga Unguwar Lalle, na ji taɓarya ta tsaya. Sai kuma nij ji ta ci gaba."