Gyaran Muryar Baba Kaɗai Wayata Ta Ɗauka

A wancan lokacin ni ne sarkin musu a majalisarmu ta samari da ke bakin kasuwar Gwarzo. Ɗan malami ne ni, Baba yana tafsirin azumi a ƙofar gidanmu tun ban san kaina ba, amma ni karatuna ya fi ƙarfi a fuskar waya. Majalisar ta rabu gida biyu: masu riƙe da wayoyin tsohon tsarin nan da kowa ya saba da shi, da mu 'yan tsiraru da muka koma wa wani sabon tsari da bai daɗe da shigowa ba. Ni na fi kowa zaƙewa. In aka buɗe wasan ƙwallo tawa ba ta sarƙewa, ba ta zafi, 'yan wasa na gudu sumul, nasu kuwa sai sun yi ta tirjewa kamar jaki a bakin rafi. Wani abokina ɗan Getso ya sha gaya mini cewa tawa kyan ɗan maciji gare ta. Ya ce tsarin bai nuna ba tukuna, ba ya iya riƙe aiki biyu, da ka buɗe abu mai nauyi sai ya kashe na baya shiru don ya ba wasa ƙarfi. Nasu tsarin, in ji shi, ko ba ya da gudu ya daɗe ana gyara shi. Na ce masa hassada ce kawai ke cinsa.

Baba yana da wata al'ada. Ranar rufe tafsiri yakan kira sunan 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya ya yi wa kowa addu'ar da ta dace da halinsa. A shekarar, Yayata da ke aure a Gude, can ƙasar Kabo, tana jegon haihuwar da ta daɗe tana jira, ba halin zuwa. Ta kira ni ta roƙe ni in ɗaukar mata muryar Baba, ta ce ba ta taɓa rasa wannan addu'a ba. Na ce ta kwantar da hankalinta, wayata ta fi ta kowa a garin.

A ranar, bayan la'asar na zauna a gefen rumfar tafsiri, na danna ɗauka. Da na ga karatu zai yi tsawo, ga yunwar azumi, sai na kashe sauti na buɗe wasana, ina ganin ɗaukar na ci gaba a baya. Na ji mutane na ta amin, wasu dattawa har da share hawaye, ni kuwa ina neman cin ƙwallo. Sai da aka watse na duba. Abin da ke ciki bisimilla ce da gyaran muryar Baba, daga nan ɗif. Na ce Allah Ya kai mu baɗi. Ba a kai babbar sallah ba Baba ya rasu.

Bayan kwanakin gaisuwa na ɗauki babur na sha alwashin sai na samo wannan addu'a. Na bi almajiransa magidanta a Kara, na je Getso, na shiga Kabo, duk wanda aka ce ya halarta sai na tsaya a zaurensa. Amsar ɗaya ce, kuma ita ta fi komai ƙona mini rai: kowa ya ce ai da ya ga ɗan Malam na ɗauka da babbar waya sai ya mayar da tasa aljihu. Cika bakina ne ya hana kowa ɗauka. Duk da haka ban koma gida ba. Na roƙi kowa ya faɗa mini abin da ya riƙe a ka, wannan ya ba ni jimla, wancan ya gyara, har na haɗa abin da Baba ya roƙa wa Yaya da jaririnta a takarda.

Na je Gude na durƙusa na gaya mata gaskiya, ban ɗora wa waya laifin duka ba. Ta ce in karanta mata addu'ar da na haɗa. Na karanta da muryata tana amin tana kuka. Da na gama ta ce in tura mata ɗan guntun da ya ɗauku, ko shi ne ta riƙe.

Yanzu na sauya waya, na kuma koma gaban ƙanin Baba, wanda shi ma malami ne, da littafi, kuma ba zan tashi ba sai na iya zama a rumfar nan in yi tafsiri. Ina jan hankalin 'yan'uwana samari: kada gudun wasa ya ruɗe ku wajen zaɓen waya, ku gwada ta tukuna ku ga ko tana riƙe aiki idan kun juya mata baya. In kuwa aka ba ku amanar abin da ba ya maimaituwa, ku ajiye wasan gaba ɗaya. Yaron Yaya ya fara magana yanzu. In aka tambaye shi ina kakansa, sai ya nuna wayar uwarsa ya yi gyaran murya.