Ranar da Baba Ya Damƙa Ni Amana a Hannun Baturiya

Shekarun baya, da na gama bautar ƙasa na dawo ƙauyenmu kusa da Kademi, aikina biyu ne. Da safe in taya Baba noma, da rana in hau babur in tafi Gaya neman sabis. A shagon abokina mai gyaran waya nake yini, ina neman gurbin digiri na biyu a jami'o'in Jamus da ba a biyan kuɗin makaranta. Ilimin ƙasar noma na karanta, shi nake son ƙarowa. Wasu suka ce mini a'a cikin ladabi, wasu ko a'ar ba su ce ba. Abokin nan nawa har ya laƙa mini suna Bajamushe, alhali ko filin jirgi ban taɓa shiga ba.

Ana gab da yankan gero wata jami'a ta ɗauke ni, har da ɗan tallafin ci da kwana. Suka ce in tabbatar musu zan zo kafin ƙarshen wata, in ba haka ba su ba wani. Na fizgi babur na yi gida kamar an biyo ni. Mahaifina malamin allo ne, gidanmu tun kakanni karatu ake bayarwa. Na tarar da shi a zaure ya sallami ɗalibai, na durƙusa na faɗa masa, ina jiran madalla.

Sai ya ce, "Wane ne malamin?"

Na ce, "Baba, jami'a ce. Malamai ne da yawa."

"Na ji. To wa zan ba wa kai? Duk ɗalibin da ka gani a zauren nan, ubansa ne ya riƙo hannunsa ya kawo mini, ya ga fuskata na ga tasa. Ni kuma sai in miƙa nawa ga gini? Kuma ka ce kyauta. Mutum bai san ka ba, bai san ubanka ba, zai ba ka karatu kyauta, ban tambaye shi dalili ba? Nemo mini malamin. In ban gan shi ba, ba inda za ka."

Baba ba ya magana biyu. Na kai ƙara wajen mahaifiyata, ta ce, "Ni da na ce a matsar da rumbu daga bakin ƙofa, ga shi nan har yau. Je ka nemo masa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ƙato da ni, da gemu, zan rubuta wa farfesa cewa babana yana son ya gan ta kafin ya bar ni in zo. Tsorona kada su ce wannan bai shirya ba, su ba wani gurbin. Na rubuta na goge ya fi a ƙirga, daga ƙarshe na faɗi gaskiya yadda take na aika wa farfesar, wata dattijuwa, shugabar sashen da zan shiga. Washegari ta amsa cewa ta yarda, ta sa mana rana da hantsi za mu gana ta kiran bidiyo.

Saura in gaya wa Baba cewa malamin mace ce. Na yi ta kewaye-kewaye. Da ya gane sai ya ce, "To mene ne? Kakarka ce ta fara biya mini Fatiha."

Ranar, Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya fesa turare, ya ɗauko ƙullin gyaɗa wai ba a zuwa wajen malami hannu Rabbana. Na ce, "Baba, ta waya ne fa, ba za ta ji ƙamshin ba." Ya ce, "Ni ina ji." Na goya shi a babur har Gaya. Abokina ya kori masu cajin waya, ya jingina kwamfuta a kan benci.

Fuskarta ta bayyana, gashi fari fat. Baba ya gaishe ta, ya tambayi iyali da gajiya, sannan ya juyo gare ni: "Ka faɗa mata yadda na faɗa. Kada ka rage, kada ka ƙara gishiri. Tambaye ta, wa ya karantar da ita?"

Na fassara yadda ya faɗa. Maimakon ta ɗaure fuska, sai ta tashi ta ɗauko hoton wani tsoho daga bango ta nuna mana. Ta ce shi ya koya mata, ta faɗi wanda ya koya masa shi ma, ta ce ba a taɓa yi mata wannan tambayar ba. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Tana da silsilar malamai."

Sai ya ce, "Tunda ɗalibi ba ya biya, wa yake ciyar da ita?" Ta ce jama'ar ƙasar ne, manomi da direba da mai shago, kowa yana ba da haraji don a karantar da duk wanda ya zo. Baba ya yi murmushi ya ce, "Ashe gayya suke yi." Ya tambayi ko akwai inda zan yi salla, ta ce akwai masallaci a garin, wasu ɗalibanta ma can suke zuwa.

Daga nan ya kama hannuna ya ɗaga shi saitin kwamfutar. "Malama, ga shi nan, amana. In ya yi lalaci ki tsawata masa, ba sai kin tambaye ni ba." Na fassara mata. Ta dafa ƙirji ta ce ta karɓa. A take na aika wa jami'a cewa ina tafe. Gyaɗar kuwa abokina ne ya cinye, wai a madadin Malama.

Har yau in matasa suka tambaye ni sirrin samun gurbi a waje, nakan ce su dage da aikawa, kuma kada su ji kunyar gidan da suka fito. Abin da na ɗauka zai kayar da ni, shi ya sa matar nan ta riƙe ni kamar ɗa. In na yi sanyi da aiki sai ta ce, "Ka tuna, babanka ya ba ni izini."

Ranar da na kare bincikena na ci, ana ta taya ni murna, ta ja ni gefe ta ce in kira gida. Ashe ta sa wani ɗalibi ɗan Nijar ya koya mata abin da za ta ce. Baba ya bayyana a wayar yana zaune a zaure. Ta kama hannuna ta ɗaga, ta ce da Hausarta mai tsami, "Malam, ga amanarka."

Baba ya daɗe yana kallonmu. Ya sa hannun riga ya goge ido, abin da ban taɓa gani ba, sannan ya ce, "Na karɓa. Allah Ya saka miki."