Ƙirgen Dangi a Hanyar Ikara

Da asubar Asabar muka bar Zariya, ni da wata ƙawata da ta rantse ba za ta bar ni in tafi ni kaɗai ba. Ƙanwata ce ta haihu a gidanmu, wani ƙauye gaba da Saulawa, kuma ranar ce suna. Tun da likita ya ɗora ni a kan maganin nan na sinadarin mata watannin baya, ban taka gida ba. Da yawanku a zauren nan kuna tambayata yadda jiki yake yi a farkon shan maganin. To, tafiyar nan ta ba ni amsa fiye da yadda nake so.

Ana jibi suna Yayanmu ya kira ni ya kafa sharaɗi. In zo cikin shigar maza, in zauna a ƙofar gida a raɗa suna, in juya kafin mata su taru. Wato kada in shiga in ga Inna, kada in ga jaririn. Na ce masa na ji. Ban ce na yarda ba.

Kaftani mai faɗi na sa da hula, don hanya ba wurin gwada jarumta ba ce. Mu huɗu aka cusa a bayan mota, ni a tsakiya, kusa da wani bawan Allah mai gwiwar hannu kamar taɓarya. A nan na gane abin da likita yake nufi da ya ce ƙirji zai yi tsami. Duk ramin da muka faɗa sai na ji shi har cikin kaina. Na rungume jakata, na yi ta salati a zuci.

Ƙasar Kudan ta yi kyau bana. Rake ya yi tsayi hagu da dama, ana ta loda shi a manyan motoci. Muna cikin tafiya na hango wata tsohuwa tana gyara wa jikarta ɗankwali a bakin titi, kawai sai hawaye. Ni da aka yi jana'izar Baba idona a bushe! Ƙawata ta miƙo min hankici tana danne dariya. Wannan ma ku sa ran zuwansa, kuka ba ya neman izini.

Ɗaya daga cikin magungunan yana sa yawan fitsari da kwaɗayin gishiri. Kafin Tashar Yari na tsayar da direba, bayan mun karkata hanyar Makarfi na sake tsayar da shi. Ya tambaya ko ciwon suga ne da ni, na ce ya dai yi min addu'a. A Makarfi muka sauka canjin mota, na zauna gaban mai awara na yi ta barbaɗa yaji da gishiri har ta janye robar daga gabana. Na sayi mazarƙwaila saboda mai jego, ta yi tsada amma ba kamar Zariya ba. Kwandastan motar Ikara ya ƙare wa fuskata kallo, ya ji muryata, ya rasa inda zai ajiye ni, ya ce Malam ne ko Hajiya. Na ce masa duk kuɗin mota ɗaya ne. Gaskiyar magana fata tana laushi, amma murya tana nan inda take, gemu ma sai kin aske.

Daga Ikara acaɓa muka hau. Barkono shanye a gefen hanya jawur, yana shiga hanci. Buhun shinkafar da na riƙo wa Inna, wanda a da da hannu ɗaya nake cilla shi kafaɗa, sai da mai acaɓa ya kama min. Ƙarfi yana raguwa, kuma ban yi kewarsa ba.

Mun iske maza cike da ƙofar gida. Ƙawata ta shige ciki, ni na durƙusa na gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya, na samu gefen tabarma. Liman ya yi addu'a, aka raɗa wa yaro sunan Baba, aka raba goro da dabino. Ban gama shafa fatiha ba Yaya ya dafa kafaɗata.

"Mai acaɓa yana jiranka," ya ce a hankali.

"Ya ci gaba da jira, Yaya. A gidan nan aka haife ni, kuma uwata tana ciki."

Ya ce in tuna mutuncinsa a garin nan. Na ce na tuna, shi ya sa na sha zafin kaftanin nan tun asuba. Na miƙe na bi ta zaure. Bai riƙe ni ba, don riƙewar sai ta fi tara masa jama'a.

Na shiga tsakar gida. Masu tuƙa tuwo suka tsaya da muciya a hannu. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ja tsaki ta ce duniya ta zo ƙarshe. Na durƙusa na gaishe ta har da tambayar ƙafarta mai ciwo, na wuce ɗakin Inna.

Ƙanwata tana zaune a bakin gado, ta sha lalle. Ta ɗora min yaron. Na kai shi ƙirjina, kansa ya bugi daidai wurin da ke tsami, na cije leɓe na ɗan ja baya. Na ɗauka babu wanda ya lura. Ashe Inna tana kallona daga kan sallayarta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tashi ta sakaya ƙofa. Na ce a raina yau za a sallame ni.

Ruwan ɗumi ta tsiyayo daga fulas ɗin mai jego, ta tsoma tsumma ta matse ta miƙo min.

"Ƙirgen dangi ne," ta ce. "Haka yake yi wa kowace yarinya. A riƙa gasawa, zai daina."

Ta ce ita ba ta gane wannan al'amari ba, kuma ba za ta fasa yi min addu'a ba. Ta tambaya ko likita na gaske ne yake duba ni. Na ce eh, har jinina yake aunawa. Ta ce to, a zubo min tuwo. A ɗakin na ci, yaron yana barci a cinyata.

Bayan la'asar muka kamo hanya, magariba ta same mu a Makarfi, muka iso Zariya lafiya. Abin da na koya kaɗan ne. Kada ki sayi maganin nan a kemis bisa jin ƙawaye, ki nemi likita, ki riƙa gwajin jini, ki bar taba. Jiki yana sauyawa a hankali, ya ba ki wani abu ya hana ki wani. Mutane kuma ba ki san wa zai tsaya miki ba sai kin shiga ɗakin.

Yaya ya turo saƙo cewa na kunyata shi a gaban mutane. Na ba shi haƙuri, don yayana ne. Na kuma gaya masa ranar da mai jego za ta yi arba'in ina tafe.