Ko Agwagin Sun Koma Gida

Ban san sunan mai zanen ba a lokacin, kuma ko yanzu da na gama jami'a ba zan ce na fahimci aikinsa duka ba. Amma na san hannunsa. Cikin tsofaffin mujallun Faransanci na labaran zane da ake bazawa a ƙasa a bakin babbar kasuwa ta Grand Marché, masu zana agwagi suna da yawa. Nasa ne kaɗai in agwagwa ta gaji za ka ga gajiyar a kafaɗarta.

Kakata ba ta jin Faransanci. A tsakar gidanmu na unguwar Paris-Congo nake mayar mata da labaran cikin Hausa, tana yankan kuɓewa. Iyayenta sun taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka a ƙafa, suka yada zango a nan, zangon ya zama gida. Wataƙila shi ya sa ba ta damu da dukiyar da wani tsohon agwagwa marowaci na cikin labaran yake jan sauran agwagi nema a bayan duwatsu ba. Tambayarta ɗaya ce kullum: "Sun koma gida?"

Labarin da ta fi so kuwa ba shi da shafukan ƙarshe, ina jin wata mai ƙosai ta naɗe wa wani a ciki. Ya tsaya inda guzuri ya ƙare wa agwagin a wani kwari, hanya ta ɓace.

"Maigida, ƙarasa mana da bakinka."

"Kaka, ai ban ga ƙarshen ba."

"Kai dai an yi miji matsoraci! Tatsuniya ma sai da shaidu?"

Na kasa. Tsoro nake in ce sun koma alhali mai zanen can ya bar su. Sai na riƙa bin masu tsofaffin littattafai ina duba kafaɗun agwagi. Har muka tashi zuwa unguwar Atrone, idonta ya fara rauni, kafin na sami cikakke.

Sun koma. Hannu rabbana, tufafi a yage, suna ta cacar baki a ƙofar gida. Ko tsinke mai zanen bai bar musu ba. Na karanta mata a hankali, ina fargabar kada ta ga jiran bai biya ba.

Ta karɓi mujallar ta kawo ta dab da fuskarta, ta ɗora yatsa a kan wani siririn hayaƙi da ke tashi daga rufin gidan. Ni ban ma lura da shi ba.

"An ɗora musu tukunya," in ji ta. "Ashe akwai mai jiransu. Kalas, shi ke nan. Miƙo min wuƙa, rana na yi."